Rilen da ya ƙi kashe mini hita a injin ƙyanƙyasa

A Gadarif nake, kuma injin ƙyanƙyasar ƙwaina da hannuna na haɗa shi da tsohon firij da batir mai bolt 12 da sola, don wutar gari yanzu ba abin dogaro ba ce. Ƙaramin rile mai ƙas-ƙas ɗin nan ke kunna hita yana kashewa, da bakinsa ya ƙone sai na sayo wani irin rile da ake kira SSR wanda babu abin da ke motsi a cikinsa, na ga 3 zuwa 32 bolt DC, wato irin wutar batir, a jikinsa nace shikenan ai 12 na ciki.

Ashe wannan na ɓangaren da ke karɓar umarni ne kawai. Ɗaya gefen, inda wayar hita ke bi, 24 zuwa 380 AC, wato irin wutar gida, aka rubuta, ban ko kalla ba.

Ƙwai 60 na zuba. Zafin da ake so 37.5 ne, na tashi sallar asuba na tarar da 41, 'yar jar fitilar rilen a kashe amma hita kamar garwashi, wallahi hannuna na rawa na fizge wayar batir.

Na kai wa wani dattijon usta, wato gwanin gyara, rilen a kasuwa, ya juya shi sau ɗaya yace ɗana wannan DA ne, na wutar gida. Makunnin da ke ciki, wanda ake kira tirayak, in ya kama ba ya saki sai wuta ta sauka sifili, wutar gida mai hez 50 kuwa sau 100 take ratsa sifili a daƙiƙa ɗaya, ta batir kuma miƙe take ba ta sauka, to yaushe zai saki? Yace ko da AC ce ma 12 ta yi masa kaɗan, ga shi yana cinye wajen bolt ɗaya ya mayar da shi zafi, a bolt 230 na wutar gida ba ka ji amma a 12 asara ce. Nace to Baba wanne zan saya, yace DD, na wutar batir, mai 5 zuwa 60 DC, kuma in kula da filas da mainas don shi ba a juya masa waya.

Na sayo DD ɗin na ɗaura shi a kan farantin alminiyam saboda zafin garin nan, na bar injin kwana biyu babu ƙwai ina duba shi da mita. Ƙwan farko 22 kawai suka fasa. Na biyu yau kwanansu 18, na daina juya su, allura na kan 37.5.