Kada ku gina shafi don burauza ɗaya

Ƙannena masu koyon haɗa manhajojin intanet a nan Jidda da Makka, da wuya aikinku na farko ya wuce na mai harkar masaukin alhazai, ko mai aika kaya Kano, yana son shafin da za a cika fom a ga amsa nan take. Ni ma da irinsa na fara, kuma a Chrome na kwamfutata kaɗai na gwada. Da masu iPhone suka fara shiga sai gurbin kwanan wata ya cije. Na bar fili tsakanin rana da lokaci, Chrome ya yi mini kara ya karɓa, Safari, burauzar iPhone, na lokacin ya ƙi. Kuma Safari yana da gaskiya, domin ƙa'idar JavaScript, yaren da shafi ke aiki da shi a burauza, harafin T ta ce a sa a wurin.

An sha wuya kafin a samu irin ƙa'idojin nan da kowace burauza ke bi. XMLHttpRequest, wanda ke ba shafi damar magana da saba, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin, ba tare da ya sake buɗewa ba, Microsoft ne ya shigo da shi a Internet Explorer 5 a 1999, sauran suka kwaikwaya kowa da salonsa, har ta kai abu ɗaya sai an rubuta shi sau biyu. A 2004 mutanen Apple da Mozilla da Opera suka kafa ƙungiyar WHATWG, a 2019 suka daidaita da W3C, hukumar tsara ƙa'idojin shafukan intanet, kan ƙa'ida guda ta HTML, yaren rubuta shafi. Waɗanda suka jingina da kayan kamfani ɗaya kuwa sun ga ta kansu: Flash, manhajar Adobe ta nuna bidiyo da wasanni a shafi, ya mutu a ƙarshen 2020, Internet Explorer 11 ya bi shi a Yunin 2022.

Batun tsaro ya fi damuna, tunda lambar fasfo mutane ke ba ku amana. Na taɓa zuba abin da baƙo ya rubuta kai tsaye cikin innerHTML, wanda ke ɗaukar rubutu a matsayin HTML, wato duk wanda ya ga dama zai iya cusa rubutun da zai yi aiki a wayar wani. Ta irin ƙofar nan ƙwayar cutar kwamfuta mai suna Samy ta bi dandalin sada zumunta na MySpace a 2005, ta taɓa sama da mutum miliyan ɗaya cikin ƙasa da kwana guda. Ku yi amfani da textContent, wanda ke nuna rubutu a matsayin rubutu kawai, ku sake tace komai a saba, don abin da aka tace a burauza kowa na iya tsallake shi. In kuma CORS, ƙa'idar da ke fayyace wane shafi zai iya karɓar bayani daga sabar wani adireshi, ta hana ku wucewa, kada haushi ya sa ku buɗe wa kowa da alamar tauraro (*). Ku rubuta adireshin da kuka yarda da shi kawai.

Sai kalandar Hijira, wadda ba makawa za a nema a ƙasar nan. Kada ku zauna lissafa ta da hannu. Intl.DateTimeFormat, kayan tsara kwanan wata na cikin burauza, ya san ta Ummul Ƙura, da sunan islamic-umalqura. Kafin ku miƙa aiki, ku ari tsohuwar wayar wani a unguwa ku gwada, da Larabci da Hausa, ku duba ko ƙ da ɗ sun fito daidai.