Gidan dutse da tambayar Hajiya

Shekarata ta farko a dillancin gidaje a Jos, gini kawai nake gani. Maigidana, dattijon da ya koya mini sana'ar, yakan ce idona ya cika son bango. Gaskiya ya faɗa. Tsofaffin gidajen da Turawan haƙar kuza suka bari a Rayfield da wajejen Bukuru su suka tafi da hankalina: bango mai kauri, wani ma na dutse, baranda mai faɗi, ga murhun jin ɗumi a falo, bututun hayaƙinsa ya leƙo ta saman kwano. Duk wanda ya kwana a Jos cikin Disamba ya san dalilin murhun nan. Garin yana bisa tudu, kusan mita 1,200, sanyinsa har cikin ƙashi.

Wata rana aka haɗa ni da wani Alhaji da aiki ya kawo shi daga Kano, da matarsa da yara biyar da mahaifiyarsa. Na kai su irin wannan gida ina ta murna. Alhaji ya yaba. Hajiya, matarsa, ta zagaya shiru, sannan ta ce, "Malam, in baƙon Alhaji ya yi sallama, ina zai zauna?" Na nuna falo. Ta ce, "To ni ta ina zan bi in shiga kicin?" Babu hanya sai ta tsakiyar falon. Ɗakunan da ke baya, waɗanda aka yi wa kuku da boyi, su kaɗai suka rage, kuma ba mai kai gyatumarsa can.

Sai ta leƙa bayan katanga ta ga ruwa kwance. Ni da bakina na ce mata wurin shan iska ne. Alhali na sani sarai tsohon ramin kuza ne, irin waɗanda suka cika filayen Jos da Bukuru, masu zurfi, masu gangaren baki, kuma sun sha cin yara. Har yau ina jin nauyin wannan magana tawa. Matar tana da ɗan shekara huɗu.

Da na ba maigida labari, bai yi faɗa ba. Cewa ya yi in je gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, in shiga ɓangaren gine-ginen gargajiya. Na sha zuwa ina ɗan makaranta, mu kalli kwaikwayon ganuwar Kano da na masallacin Juma'ar Zariya, aikin shahararren maginin nan Babban Gwani. Wannan karon tsarin na duba, ba ado ba. Sai na tuna gidan kakana: zaure ya tare baƙo, shigifa ta karkatar da ido, tsakar gida ta zama ta mata da yara, a yi girki a yi shanya ba wanda ya gani. Bangon tubali kuma ya sha rana, da dare ya saki ɗumi. Tambayar Hajiya ke nan, magina sun amsa ta tun kafin a haife mu.

Akwai wata tambayar da ba na son ji, amma kullum sai an yi: su wane ne maƙwabta? Tun rikicin 2001, da na 2008 da 2010, mutane da yawa sun tattara sun koma inda nasu suka fi yawa. Maigida yana tuna lokacin da ba a yi masa wannan tambayar. Ban ga laifin uban da ke son iyalinsa su yi barci da ido biyu rufe ba, sai dai abin yana ci mini rai. Abin da nake iya yi shi ne in faɗi gaskiyar unguwa, ba ƙari ba ragi.

Yanzu ba na tallar gida sai na je unguwar da asuba, na koma lokacin tashin 'yan makaranta, na sake komawa bayan isha'i. Nakan tambayi 'yan garuwa ko rijiyoyin wurin suna ƙafewa da rani, don ƙasar Jos dutse ce.

Alhaji dai gidan bulo muka sama masa ta wajen hanyar Bauchi, ba wani kyan gani, amma da ɗaki mai ƙofa ta waje, da rijiya, da Islamiyya a layi na biyu. Gidan dutsen kuwa wasu mata da miji da yaransu suka girma ne suka kama, kuma in na bi ta wurin har yanzu sai na tsaya na kalle shi.