Asabar ɗin hazo: keke a ɗaki, keke a titi

Bayan sallar asuba na leƙa waje, fitilun hanyar Kanda sun dushe kamar an rufa musu farin mayafi. Keken da ya kwana a baranda kuwa, in ka ja yatsa a sirdinsa sai ya bar layi. Hunturu ya sauka sosai a Nima, unguwarmu a birnin Accra. Asabar ce, ranar da 'yan keke ke bi ta Madina da Adenta su hau tudun Ayi Mensah har Peduase, amma yau ba ranar hawan tudu da ƙarfi ba ce.

Mutanen Turai ƙanƙara da gajeriyar rana ke sa su shigar da keke ɗaki. Mu ƙurar Sahara ce, daga Disamba zuwa Fabrairu. Mutum a zaune yana shaƙar iska kamar lita 6 zuwa 8 a minti ɗaya. In yana taka feda da iyakar ƙarfinsa abin na iya wuce lita 100, kuma yawanci ta baki, inda babu gashin hanci da zai tace ƙurar. Shi ya sa wanda ya yi tsere cikin hazo yake kwana da tari da kaikayin maƙogwaro, mai asma kuwa abin ya fi haka muni. Don haka aikin ƙarfi na yau a kan tirena aka yi shi, wato ƙarfen nan da ake ɗaure tayar baya a kansa a yi ta tuƙi a wuri ɗaya.

Kafin a hau sai da aka shirya ɗakin. Tagoginmu na gilashi masu jere ba sa hana ƙura shiga gaba ɗaya, duk da haka aka rufe su, aka goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma. In ba a yi haka ba fanka za ta ɗebo ƙurar ƙasa ta watso maka a fuska, ka ga an gudu ba a tsira ba.

Tirenar nan irin mai nadi ce, wadda tayar baya ke gogawa a kai. A cire sandar da ke riƙe da wilin baya a sa ta ƙarfe da ta zo da tirenar, don mai kan roba ba ta zama daidai a maƙalar, tana iya suɓucewa. Siririyar tayar titi a ba ta iska kamar psi 100 a ma'aunin famfo, kuma kullum a riƙe adadi ɗaya, in ba haka ba nauyin tuƙin yau ba zai yi daidai da na jibi ba. A murɗa nadin har ya taɓa taya, sannan a ƙara zagaye biyu zuwa uku. Gwajinsa: riƙe nadin da hannu ɗaya, ka fizgi tayar da ɗayan. In ta zame, ƙara rabin zagaye. Tayar gaba a ɗora ta kan katako ko tsohon littafi mai kauri don keken ya daidaita, kada nauyi ya taru a wuyan hannu.

Fanka ba ado ba ce. A titi iskar gudu ke busar da gumi, a ɗaki babu ita, sai zafin jiki ya hau, bugun zuciya ya ƙaru alhali ƙafa ba ta ƙara komai ba. Fankar tsaye a gabanka, tana dukan ƙirji da fuska. In an ɗauke wuta tirena mai maganaɗisu ko mai ruwa za ta ci gaba da aiki, amma gara a rage ƙarfi tun da fankar ta tsaya. A shimfiɗa tawul kan hannun keken, don gishirin gumi yana cin kusoshi da boris ɗin wuya, yana kuma cin hannun alminiyom a ƙarƙashin tef inda ido ba ya gani. Ruwa kuwa, leda ɗaya ta fiya wata mililita 500 ce. A tanadi biyu don awa guda, a jefa ɗan gishiri a ɗaya. Iskar hunturu tana busar da jiki tun kafin ka ji ƙishi.

Aikin yau minti 55 ne. Minti 15 na ɗumama jiki da giya mai sauƙi, ƙafa na juyawa sau 85 zuwa 95 a minti. Sai minti 4 da ƙarfi, irin wanda ba ka iya furta fiye da kalma biyu ko uku, a huta minti 3 ana juya feda a hankali, a maimaita sau 4. Ragowar a sauko da numfashi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ƙone duka ƙarfi a zagayen farko, a kasa gama na uku. Na farko ya kamata ka sauka daga shi kana jin da saura.

Wajen hantsi ɗan yayata ya shigo da nasa keken, ya ce: "Kawu, tirenata tana ihu, ga baƙin gari a ƙasa." Tayar keken hawan dutse ce mai ƙuraje ya ɗora, iskarta kuma ta yi ƙasa. Ƙurajen ne ke ƙara, garin kuwa robar tayar ce ke cinyewa. Na ce masa ya nemi tsohuwar taya mai santsi ya keɓe ta don ɗaki, in ya gama kuma ya sassauta nadin, kada ya bar shi danne da taya har ta lotsa.

Bayan la'asar hazon ya ɗan yi sauƙi, sai aka fita awa ɗaya a hankali ta wajen Legon, gudun da za ka iya hira kana numfashi ta hanci. Wannan fitar ba ta da madadi. Tirena ba ta koya maka shan kwana, ko kama birki a gangara, ko karanta direban trotro, wato ƙaramar motar haya, da zai tsaya ba sigina don ɗaukar fasinja. Wanda ya yi wata biyu a ɗaki kawai yakan fito da ƙafa mai ƙarfi da hannu mai rawa, kuma gangaren Aburi, wato tudun nan na Ayi Mensah, ba wurin koyon birki ba ne. Jar fitilar baya ta kasance a kunne ko da rana, don cikin hazo direba ba ya hango keke da wuri.

Da dawowa sarƙar ta riga ta yi ja. Ƙura in ta haɗu da mai mai danƙo sai ta zama kamar garin wasa wuƙa, ta ci sarƙa ta ci haƙoran giya. Ban yarda da zuba baƙin man mota a sarƙa ba sam, balle a wannan lokaci. Aka goge ta da busasshen tsumma, aka ɗiga man sarƙa marar danƙo ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, aka juya feda baya, aka sake goge na waje tas. Ma'aunin da ke nuna yadda sarƙa ta cinye ya shiga a alamar 0.5, keken kuma mai giya 11 ne a baya, ke nan lokacin canji ya yi. Litinin sai a nemo sabuwa kafin ta cinye haƙoran.