Asabar a Makka: zama da ƙungiyoyin zumunci kan ƙirƙirarriyar basira

Yau bayan sallar La'asar na je wata istiraha, wato gidan hutawa da taro, kusa da titin Shari' Mansur, inda shugabannin wasu ƙungiyoyin zumunci na Hausawan Makka suka gayyace ni in yi musu bayani kan manhajojin ƙirƙirarriyar basira. Akwai masu tsayawa kan jana'iza, akwai iyaye mata masu adashi da ke duba zawarawa da marayu, akwai kuma malaman da ke koyar da yara hadda. Tun da aka fito da ChatGPT a watan Nuwamba na 2022, samarin da ke riƙe da sakatariyar waɗannan ƙungiyoyi suke rubuta wasiƙu da sanarwa da irin waɗannan manhajoji, amma dattawan da ake aikin da sunansu ba su san yadda abin yake tafiya ba.

Na fara da yadda manhajar take aiki, a taƙaice. An horar da ita da rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa, kuma abin da take yi shi ne hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wadda ta gabata, don haka tana iya jera magana mai daɗin ji ba tare da ta tantance gaskiyarta ba. Larabcinta ya fi Hausarta ƙarfi nesa ba kusa ba, saboda rubutun Hausa a intanet kaɗan ne, balle irin Hausarmu ta nan wadda ta gauraya da Larabcin Hijaz.

Inda muka daɗe shi ne batun sirrin mutane, kuma a ganina shi ne ya fi cancanta a daɗe a kansa. Wani sakatare, yaro mai himma, ya ce yakan ɗauki hoton littafin ƙungiya ya ba manhaja ta tsara masa shi a jadawali. Na tambaye shi abin da ke cikin littafin. Ya ce sunayen marayu da na iyayensu mata, lambobin waya, lambobin iƙama (katin izinin zama a Saudiyya), da bayanin wanda ke jinya da irin ciwon da ke damunsa. Na gaya masa cewa duk abin da ya shigar yana tafiya kwamfutocin kamfanin da ya mallaki manhajar, galibi a wata ƙasa, kuma wasu kamfanonin suna iya ajiye hirar su ƙara horar da manhajarsu da ita matuƙar mai amfani bai kashe wannan zaɓi ba. Na kuma tunatar da su cewa dokar kare bayanan mutane ta Saudiyya ta fara aiki a watan Satumba na 2023, wa'adin da aka ba masu riƙe da bayanan mutane don su daidaita da ita ya cika a Satumba na 2024, kuma SDAIA, hukumar bayanai da ƙirƙirarriyar basira ta Saudiyya wadda aka kafa a 2019, ita ce ke sa ido a kai. Dokar ta sanya bayanin lafiya cikin bayanan da ake yi wa kariya ta musamman.

Amma abin da ya fi doka taɓa zukatan mutane shi ne maganar wata Hajiya dattijuwa. Ta ce, "Ɗana, matar da ta zo ta gaya mini ba ta da kuɗin haya, a ɗaki ta gaya mini, ko kishiyarta ba ta sani ba." Na ce, "Gaskiya ne, Inna, shi ya sa sunanta bai kamata ya bar littafinku ba." Ƙungiyoyin nan ba su da wani jari da ya wuce yardar da ake yi musu, kuma ranar da mabuƙaci ya ji cewa sirrinsa yana yawo, ba zai sake buɗe baki ba ko da yunwa na cinsa. Na nuna wa sakatarorin yadda za su cire suna da lamba su sa alama a madadinsu, su bar manhaja ta tsara jadawali, sannan su mayar da sunayen da hannunsu.

Daga nan wani malami ya nemi a gwada ta da hadisi. Muka tambayi ɗaya daga cikin manhajojin, ta kawo lafazi da lamba ba tare da wata alamar shakka ba, sai Malam ya duba littafin ya ga lambar ta wani hadisi ce dabam. Wannan gwaji ya fi duk bayanina tasiri, kuma nan take malaman suka amince cewa ba za a tura aya ko hadisi ko hukuncin gado zuwa zauren WhatsApp ba sai wanda ya sani ya duba asali.

Batun kwaikwayon murya mun taɓa shi a gurguje, domin Magariba ta gabato. Na gargaɗe su cewa yanzu ana iya haɗa saƙon murya mai kama da na shugaba ko na malami ana neman kuɗi, don haka duk saƙon da ya shafi kuɗi a kira mai shi a lambar da aka sani, sadaka kuma a bi da ita ta hanyoyin da hukuma ta amince da su, kamar Ehsan, dandalin gwamnati na ba da sadaka ta intanet.

Ban ce su daina amfani da manhajar ba, domin tana sauƙaƙa rubuta wasiƙa da Larabcin ofis da tsara jadawalin ziyarar asibiti. Sharaɗin da aka tsayar shi ne kowace ƙungiya ta ware mutum ɗaya da zai karanta duk abin da manhaja ta rubuta kafin ya fita, kuma shi za a tuhuma idan an sami kuskure. Iyaye mata sun roƙi in naɗa musu bayanin da murya, da Hausa, saboda 'yan adashin da ba su iya karatu ba, na kuma yi alkawarin tura musu kafin Juma'a mai zuwa, in Allah ya yarda.