Kwanon samira da wayoyin gidanmu

Shekara 14 ke nan ina koyar da lissafi a wata sakandare cikin birnin Katsina. Farkon zuwana, in na shiga aji da ƙarfe takwas, hayaniya nake fara kashewa. Yanzu gyangyaɗi nake fama da shi.

Akwai wani yaro a SS2, mai kai ne sosai, amma tun zangon da ya wuce sai ka ga idonsa jawur kamar gauta, haɓa a kan tebur. Ran nan na ce masa, "Kai, ba ka da lafiya ne?" Ya ce, "Lafiya lau, Malam." Na kusa da shi ya ƙunshe dariya, ya ce, "Malam, datar dare yake saye." Ashe garaɓasar nan da kamfanonin waya ke yi da tsakar dare ita yake jira. Sai gida ya yi tsit, ya ja bargo ya rufe kai, yana ta jan TikTok da ɗan yatsa har kusan assalatu. Daga nan salla, sai karatun allo, sai kuma gabana. Likitoci sun ce yaro mai shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10. Wannan ko huɗu ba ya cikawa, kuma a haka nake so ya riƙe mini aljebra.

Aikin gida kuwa yanzu tas yake dawowa, ba gogewa, ba kuskure. Da farko har na fara yabon kaina. Sai da na miƙa wa wata yarinya alli na ce ta maimaita a allo abin da ta rubuto jiya, ta tsaya kamar an dasa ta. Hoton tambayar suke ɗauka su tura wa Meta AI da ke cikin WhatsApp, ta warware musu, su kwafe. Ranar WAEC ko NECO kuma a bakin ƙofa za a raba su da wayar.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai ba maki ba ne. Wata ɗaliba ce, shiru-shiru, aka ɗauki hotonta tana hamma, aka mai da shi sitika, aka watsa a guruf ɗin ajinsu. Kwana tara ba ta leƙo makaranta ba. Da mahaifiyarta ta zo, cewa ta yi yarinyar ta daina cin abinci, ta daina fitowa tsakar gida, an yi rubutu an yi tofi duk a banza, sai ƙanwarta ce ta tona. A zamaninmu in an tsokane ka, da an kaɗa ƙararrawar tashi ka huta sai gobe. Ita kuwa tsokanar ta bi ta har kan katifarta, duk ƙarar da wayar ta yi sai gabanta ya faɗi.

Kada a ɗauka gaba nake da waya. A 2020 da korona ta rufe makarantu, da saƙon murya na riƙa koyar da ɗalibaina. JAMB ma tun 2015 a kwamfuta ake rubuta ta, kuma na ga yadda hannun yaron da bai taɓa latsa komai ba yake rawa a ranar. Na san Faransa ta hana waya a firamare da ƙaramar sakandare tun 2018, UNESCO ma ta yi kiran a taƙaita ta a aji a 2023. To mu ai tuni makarantarmu ta hana, ana kamawa ana kullewa a durowa. Ɓarnar da nake gani da safe, da dare aka yi ta, a gida, inda babu shugaban makaranta.

Shi ya sa na kafa doka a gidana. Na ɗauko wani tsohon kwanon samira na uwargida, na ɗora a kan firji, na ce daga an idar da Isha kowa ya jefa wayarsa ciki sai an karya kumallo. Babban ɗana ya turo baki, ya saka. Ƙanwarsa ta saka. Na juya zan shige ɗaki, sai uwargida ta ce, "Malam, taka fa?"

Na fara kame-kame, guruf ɗin malamai, kada a neme ni da gaggawa. Yaron, kansa a ƙasa, ya ce, "Baba, jiya fa har ƙarfe ɗaya ina ganin hasken taka ta ƙasan ƙofa." Ban da ta cewa. Na saka.

Mako uku ke nan. Yaran sun fi ni haƙuri, gaskiya. Shi babban yanzu da kansa yake tashi Asuba, ba sai an yayyafa masa ruwa ba, kodayake ina zargin akwai wata 'yar ƙaramar waya da ke zagaye tsakaninsa da abokansa na unguwa, ina nan ina sa ido. Ni kuwa shekaranjiya barci ya ƙi zuwa, na lallaɓa cikin duhu don in duba sakamakon ƙwallo kawai. Ina ɗaga murfin ya suɓuce, ya faɗi a siminti, ƙwarangwaram, har karen maƙwabta ya amsa. Daga ɗaki na ji muryar uwargida, ko alamar barci babu: "Malam, ruwa kake nema? Randa na waje."