Me ya sa dakaru na musamman ke fama da ƙarancin mutane

Rundunar dakaru na musamman akasari daga cikin sojojin gama-gari take tsamo mutanenta, ko kuma daga matasan da suka cancanci shiga soja tun farko. Idan rijiya ta ja baya, guga ba ya cika. A shekarar kuɗi ta 2022 sojojin ƙasa na Amurka sun nemi kurata 60,000, suka samu kimanin 45,000. A 2023 aka sa 65,000, aka tsaya wajen 55,000. Ma'aikatar tsaron ƙasar ta ƙiyasta cewa kashi 23 cikin 100 kawai na matasa masu shekara 17 zuwa 24 ne za a iya ɗauka ba tare da an yi musu sassauci ba. Ƙiba da shaye-shaye da larurar lafiya ke zubar da sauran.

Daga wannan ɗan abin da ya rage ake tankaɗe. Horon farko na dakarun SEAL, wato dakaru na musamman na sojojin ruwan Amurka, a Koronado ta jihar Kalifoniya yana ɗaukar wajen wata shida, a cikinsa akwai mako guda na kwana biyar da rabi da barcin da mutum zai yi gaba ɗaya bai wuce awa huɗu ba. Wanda ya gaji sai ya buga ƙararrawa sau uku, ya ajiye hular kwanonsa, alamar ya bar horon. Kusan uku cikin huɗu ba sa kaiwa ƙarshe. Lissafin a fili yake: duk gurbi ɗaya da ake son cikewa, sai an kawo mutum huɗu masu ƙoshin lafiya bakin ƙofa. Kuma ba duk wanda ya fita ne ya karaya ba. Da yawa tsagewar ƙashin ƙauri ce ke fitar da su, saboda an ɗora musu gudu da kaya kafin ƙashi ya saba, wasu kuma ciwon huhu daga ruwan sanyi. A watan Fabrairun 2022 wani ɗalibi ya mutu da ciwon huhu sa'o'i kaɗan bayan ya gama wannan mako. A Birtaniya ma, sojoji uku sun mutu saboda zafi a tsaunukan Brecon Beacons a watan Yulin 2013, wajen gwajin shiga SAS, rundunar dakaru na musamman ta ƙasar.

Sai dai a ganina ba a ƙofar shiga ciwon ya fi tsanani ba. A dubi tawagar Green Beret, wato dakaru na musamman na sojojin ƙasa na Amurka, mai mutum 12: kyaftin, mataimakinsa, sajan mai kula da tawaga, sajan na bayanan sirri, sannan bibbiyu na makamai, injiniya, jinya da sadarwa. An yi su bibbiyu ne don a iya raba tawagar gida biyu, mutum shida-shida, kowane ɓangare da cikakkiyar ƙwarewa. To idan tawaga ta fita da mutum tara, kuma cikin waɗanda babu har da mai jinya ɗaya, rabuwar nan ta gagara ke nan. A takarda tawaga tana nan, a fagen daga rabin aikinta ya tafi. Mai jinya kuwa shi ya fi kowa daɗewa a makaranta, ga koyon harshe a kai, don haka gurbinsa ba ya cikuwa a shekara guda.

Waɗanda ke barin soja, guraben nan su zama babu kowa, su ne masu shekara goma zuwa sha biyar a aiki. An yi shekaru ana jigilar su Afganistan da Iraƙi ba hutu, gwiwa da baya sun lalace, ƙarar fashewar nakiya ta taɓa ƙwaƙwalwar wasu, gida ya gaji da jira. Kamfanonin tsaro masu zaman kansu kuma suna miƙo albashin da soja ba ya iya biya. Sajan irin wannan shi ne kuma malamin da zai horar da na baya, saboda haka fitarsa asara biyu ce.

Nan ne ake jarabtar manya su sassauta gwaji don adadi ya cika. A 2017 wata wasiƙa marar sa hannu daga cikin makarantar Green Beret ta zargi shugabanni da yin haka, su kuma suka musanta. Abin da ya fi amfani shi ne shirya ɗalibi makonni kafin gwaji, a ƙara masa nauyin jaka da nisan tafiya sannu a hankali, sannan a bai wa wanda rauni ya fitar damar dawowa. A 2024 kuwa sojojin ƙasa na Amurka suka sanar da soke gurabe kimanin 3,000 a ɓangaren dakaru na musamman, da yawansu dama babu kowa a cikinsu.