Shogilas uku maimakon guda ɗaya: yadda na shirya shagon turarena a Gombe

Turare nake sayarwa: humra, turaren wuta, da na kwalba da nake sarowa daga Kano. Da a gida nake yi, a Jekadafari, sai bara Allah ya hore min shago a bakin titi ta wajen Tumfure. Bangon da zan jera kaya ƙafa 12 ne, kuma duk mai aikin alminiyam da na kira, yana gama aunawa sai ya ce zai yi min shogilas guda ɗaya dogo, daga wannan kusurwa zuwa waccan.

Adda, wato yayata, ce ta hana. Ita kemis take da shi, ta kuma taɓa barin shogilas ɗinta a wani shago lokacin da mai gida ya ce yana son wurinsa. A cikin shagon aka haɗa shi, aka buga ribit ko'ina, aka manne gilashin da silikon. Ranar tashi ya ƙi fita ta ƙofa, kwancewa kuma sai an fasa. Ta sayar wa wanda ya gaje ta a wurin, a farashin da ya ga dama. Ta ce min, "Ke da shagon haya, ki yi abin da za ki iya ɗauka ki tafi da shi." Shi ya sa na tsaya a kan guda uku, kowane ƙafa 4, tsayi ɗaya, zurfi ɗaya, a jera su a ɗaure da kusoshi masu kwancewa. Ya fi tsada, don wurin da ƙafa ɗaya za ta tsaya yanzu biyu ne, ga ƙarin gilashin gefe. Ban yi da-na-sani ba.

Da na fara tambayar farashi na ga abin mamaki. Shogilas iri ɗaya a baki, amma kuɗin wani ya kusa ninka na wani. Wani dattijo da ya daɗe a sana'ar ne ya warware min. Ya ɗauko guntayen alminiyam biyu daga ƙasan tebur, a ido ba ka raba su, ya ce, "Hajiya, matsa wannan da babban yatsa." Na matsa, ya lotsa. Na matsa ɗayan, ko gezau.

"Wanda ya ba ki araha da wannan zai yi miki. Kuma bai yi miki ƙarya ba, ai ba ki tambaye shi ba."

"To Baba, me zan tambaya?"

"Kauri. Na alminiyam da na gilashi. Sauran duk ado ne."

Na koma gida na ɗauki takarda. Tun daga nan ban sake cewa kowa "nawa ne shogilas ƙafa huɗu" ba. Sai in miƙa takardar in ce nawa za ka yi min wannan. Nan take farashin ya matso kusa da juna, wani ma ya ce shi ba ya irin wannan aikin, na gode masa.

Abin da ya fi cin wuri a takardar shi ne gilashi. Yana da nauyi fiye da yadda ake zato: kowace milimita ɗaya ta kauri kilo 2.5 ce a murabba'in mita. Mai milimita 5 kilo 12.5 ke nan, mai 8 kilo 20, mai 10 kilo 25. Wannan kafin a ɗora masa komai. Na ɗauki kwalaben da nake son jerawa a kanta ɗaya na aza a sikelin mai shinkafa da ke maƙwabtaka da ni, suka haura kilo 10, domin kwalbar turare rabin nauyinta gilashi ne da murfi. Yawancin shogilas da ake yi a gari da mai 5 ake yin kantocinsa, wani ma 4. Ga mai sayar da murfin waya ko ɗan kunne wannan ya isa. Ga mai turare bai isa ba.

Ƙanena da ya karanta injiniyanci a Bauchi ya yi min lissafin a saukake. Tsayuwar kanta ba tare da lanƙwasa ba tana bin kaurin ne a ninka shi sau uku a kansa, don haka mai 8 ya fi mai 6 tsayuwa fiye da ninki biyu, ya kuma ninka mai 5 kamar sau huɗu. Tazara kuma ta fi kauri mugunta: idan aka ninka nisan da ke tsakanin madogarai biyu, aka cika kantar da kaya yadda aka saba, lanƙwasawar sau 16 take ƙaruwa. A nan rabon shogilas ɗin gida uku ya sake yi min rana, tunda babu kantar da ta wuce ƙafa 4. Na rubuta mai 8 a kantoci, na ce a sa madogari na baya a tsakiya, a kuma goge bakin kowane gilashi. Wannan gogewar kada ki bari a ce miki ba dole ba ce. Bakin da ba a goge ba yana yanka hannu, kuma daga ƴar ɓallewar baki tsagewa take farawa.

Akwai gilashin da ake gasawa ya yi tauri, wanda ya fi na kullum ƙarfi kamar sau huɗu zuwa biyar, idan kuma ya fashe sai ya dagargaje ƙanana maimakon ya bar tsini. Matsalarsa ba a yanka shi ko huda shi bayan an gasa, dole a aika da awo daidai a jira a kawo. A saman teburin gaba kawai na sa shi, mai milimita 10, inda mata ke dafa gwiwar hannu suna shinshina turare, yara kuma suna bugawa da duk abin da ke hannunsu. Jikin shogilas da ƙofofi mai 5 na kullum ne.

Sai ƙura. Wanda ya san hunturun Gombe ya san daga Disamba zuwa Fabrairu ko cikin akwati sai ta shiga. Ƙofar da ake turawa gefe tana barin rata inda gilasai biyu suka haɗu, sai na ce a sa burushin nan siriri mai gashi a ratar da kuma cikin layin. Bai hana ƙura gaba ɗaya ba, amma ya rage min goge-goge sosai. Gilashin jiki kuwa da roba aka riƙe shi a cikin alminiyam, ba silikon ba, saboda idan ɗaya ya fashe a zare shi kawai a sa wani. A nan muka ɗan ja da mai aikin, shi ya fi son silikon don ya fi sauri.

Gindin na ƙi yarda da katakon nan na garin katako da aka matse, wanda yana shan ruwa yake kumbura. Da damina ruwa yakan kwanto ta ƙarƙashin ƙofa, ga shara da mopa kullum. Falankin filawud aka sa, aka ɗaga shi daga ƙasa da ƙafafu masu murɗawa. Simintin shagon ba daidai yake ba, kamar yawancin shagunan haya, kuma firem ɗin alminiyam idan ya zauna a karkace ƙofofinsa ne ke fara cijewa.

Fitila LED ce mai bolt 12, an manna ta jikin alminiyam ɗin don ya riƙa janye zafinta, akwatin wutar kuma a waje yake, a bayan shogilas. Zafi da hasken rana su ne ke ɓata turare, suna canza masa launi da ƙamshi, shi ya sa ma na jera shogilas ɗin a bangon da rana ba ta dukansa da yamma. Farar fitila tas na fara gwadawa a shagon mai aikin, sai humra ta fito kamar maganin tari. Na zaɓi mai ɗan ja-ja. Madubi a baya yana ninka kaya a ido, amma a na tsakiya kaɗai na sa, don yana nuna duk wani ɗigon mai.

Ranar kawowa firem ɗin suka zo a a-kori-kura, gilasai a tsaye an raba su da kwali, domin gilashi a kwance ba ya jure ramukan hanya. Kafin in biya cikon kuɗin na aro ma'aunin kauri na bi kantocin ɗaya bayan ɗaya, na tura kowace ƙofa, na gwada makullai.

Bayan ƙaramar Sallah na ƙara na huɗu don kayan kwalliya, da takardar nan dai. Awo ya zo daidai, ya ɗauru da sauran ba gyara. Launin ne ya ɗan bambanta, saboda alminiyam ɗin da ya shigo kasuwa a lokacin ba daga kamfani ɗaya yake da na farko ba, shi ya sa na mayar da shi bangon gefe.